Koci ya tafi an ce ci gaba, yaro ya tafi an ce butulci

Ni da wani abokina tun watan Maris na 2022 muke wannan gardamar kuma har yau ba wanda ya sauko. Shi ɗan Kentucky ne na mutuwa, irin wanda zai sa alam ƙarfe biyun dare ya tashi ya kunna data ya kalli wasan ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka alhali da safe yana da aiki, ni kuma ba ni da wata makaranta da na riƙe, duk wanda aka raina shi nake bi. Toh a wannan shekarar wata 'yar ƙaramar makaranta mai suna Saint Peter's, da ke Jersey City, wadda ko a Amurkan ma mutane da yawa sai da suka bincika ina take, ta haɗu da Kentucky a zagayen farko na gasar nan ta ƙarshen kaka da suke kira March Madness, haukan Maris kenan, wadda in aka ci ka sau ɗaya ka tattara ka koma gida. Kentucky tana da Oscar Tshiebwe ɗan Kongo wanda shi ne gwarzon ɗan wasan ƙasar gaba ɗaya a wannan kakar, amma yaran nan suka tsaya kai da fata har aka je ƙarin lokaci suka ci 85 da 79. Washegari na je wurin mai shayi tun kafin ya gama hura wuta don kawai in jira mutumina, ya zo ya zauna bai ce min ko sannu ba, ya ce a haɗa masa kauri ba suga.

Ba su tsaya nan ba fa, suka fitar da Murray State, suka fitar da Purdue, suka shiga cikin takwas na ƙarshe, abin da wata makaranta da aka ba lamba 15, wato ta 15 cikin 16 a jerin ƙarfi na ɓangarenta inda lamba 1 ce gaba, ba ta taɓa yi ba kafin su, sai North Carolina ce ta tare su. Toh abin da ya biyo baya shi ne asalin maganar da nake so in yi. Kwana uku da fitar da su, kocinsu Shaheen Holloway ya karɓi aiki a Seton Hall, makarantar da ya yi wasa a cikinta yana saurayi. Ba a rufa sati biyu ba yaran suka fara zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Doug Edert mai gashin bakin nan da duk intanet ta ɗauka ya tafi Bryant, Daryl Banks ya tafi St. Bonaventure, Matthew Lee ya tafi Missouri State, KC Ndefo ya bi kocin zuwa Seton Hall, tagwayen nan 'yan Mali Hassan da Fousseyni Drame suka tafi La Salle. Kafin kaka ta zagayo tim ɗin da ya girgiza ƙasa ya zama sai dai labari, riga ce kawai ta rage da suna a ƙirji. Ranar da labarin Edert ya fito abokin nawa ne ya riga ni zuwa wurin mai shayi, yana ta dariya yana cewa ina 'yan amanar taka, ai ga su nan sun watse kamar an jefa dutse cikin kaji.

Kuma gaskiya ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Amma da na zauna na yi tunani sai na ga ai tambayar da ba wanda ya yi ita ce, wa ya fara tafiya? Koci ne. Kuma ba wanda ya kira shi butulu, cewa aka yi ya samu ci gaba, Allah ya sanya alheri, ya koma gida. Yaran da suka zo makarantar saboda shi, shi ya je har falon iyayensu ya zauna ya yi alƙawari, su ne in suka ɗaga ƙafa za a ce ba su da amana. Wannan ne ban yarda da shi ba kuma ba zan yarda ba.

Wanda bai saba da harkar ba bari in ɗan buɗe masa yadda abin yake. Ƙwallon kwando mutum 5 ne a fili, kuma a da makaranta mai babban rukuni guraben tallafin karatu 13 take da su na 'yan wasa maza, yanzu an mayar da abin iyakar mutum 15 a jerin sunaye. Cikin waɗannan ma in ka duba da kyau 8 ko 9 ne suke taka fili da gaske, sauran suna benci suna tafi da miƙa tawul. Kenan ba kamar ƙwallon ƙafa ba ne da kulob zai sayar da mutum uku a ci gaba da harka, a nan in mutum uku na gaba suka tafi to an cire maka fiye da rabin tim, in mai rarraba ƙwallo da dogon da ke ƙarƙashin raga suka tafi tare sai dai ka sake sabon gini daga tushe. Shi ya sa maganar sauya sheƙa ta fi zafi a wannan wasan fiye da kowane.

A da can dokar NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in, ita ce in ka bar makaranta ka koma wata sai ka zauna shekara guda cur ba ka buga wasa, kana atisaye kana kallo. Kuma kafin Oktoban 2018 ko magana da wata makaranta ba ka isa ka yi ba sai makarantarka ta ba da izini, koci yana iya rubuta jerin wuraren da ya hana ka zuwa, har da waɗanda kawai ba ya so ya haɗu da kai a fili. A 2017 Cameron Johnson ya gama digirinsa a Pittsburgh, ya gama fa, ya ce zai koma North Carolina, makarantar ta nemi ta taka masa birki sai da surutu ya yi yawa sannan ta sake shi. Shi kuwa kocin da ke wurin a lokacin shekara ɗaya kenan da ya baro Vanderbilt, ba wanda ya ce ya zauna shekara guda a gida ba albashi. Laifi tudu ne dai.

Daga nan abubuwa suka fara warwarewa da sauri. 2018 aka buɗe wannan rumbun na intanet da ake kira fotal, inda yaro zai sa sunansa duk kocin ƙasar su ga cewa yana kasuwa. Afrilun 2021 aka ce kowa yana da damar sauya makaranta sau ɗaya ya buga nan take. A Yunin wannan shekarar kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Alston, alƙalai 9 duka bakinsu ɗaya a kan NCAA, sai ga shi 1 ga Yuli an halatta wa 'yan wasa su ci kuɗi da sunansu da hotonsu, abin da ake kira NIL. Disamban 2023 wani alƙali a West Virginia ya dakatar da dokar da ta hana sauyawa karo na biyu bayan wasu jihohi sun kai ƙara, zuwa Afrilun 2024 NCAA ta haƙura ta ce kowa ya sauya iya son ransa in dai karatunsa bai samu matsala ba. Sai kuma Yunin 2025 da aka amince da sulhun shari'ar House, za a biya tsofaffin 'yan wasa kusan dala biliyan 2.8, kuma makaranta na iya raba wa 'yan wasanta har wajen dala miliyan 20.5 a shekarar farko kai tsaye daga aljihunta. Ka lura da wani abu, kusan ko wane mataki a nan kotu ce ta murɗe musu hannu ko tsoron kotu, ba wai sun tashi da safe tausayin yara ya kama su ba.

Kuma kuɗin nan da ake ta cewa ya ɓata yara, tun da can yana nan, hannun da yake shiga ne kawai ya bambanta. Kwantiragin nuna gasar Maris a talabijin kaɗai, wanda CBS da Turner suka sabunta a 2016, dala biliyan 8.8 ne na shekara 8. John Calipari lokacin da yake kocin Kentucky sama da dala miliyan 8 yake karɓa a shekara. Yaron da mutane suka sayi tikiti don su gani, wanda gwiwarsa ce take karyewa, shi kuma an ba shi ɗaki da abinci da kuɗin makaranta an ce ya gode Allah. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi, shekara da shekaru a haka ake kuma ana kiran abin da tarbiyya.

Abokin nawa ma ai abin ya zo har gidansu. Afrilun 2024 Calipari, bayan shekara 15 a Kentucky, ya tattara ya koma Arkansas wadda suke lig ɗaya, kuma bai tafi shi kaɗai ba, DJ Wagner da Adou Thiero da Zvonimir Ivisic duk sun bi shi, wasu suka tafi NBA, babbar lig ɗin ƙwararru, wasu suka kama gabansu. Mark Pope da aka ɗauko daga BYU, wanda kyaftin ne a tim ɗin Kentucky da ya ci kofi a 1996, ya zo ya tarar da ɗakin canza kaya wayam, ko mutum ɗaya mai tallafin karatu bai rage ba. Kentucky fa, ba wata Saint Peter's ba. A 'yan makonni ya shiga fotal ya yi cefane, Lamont Butler daga San Diego State, Otega Oweh daga Oklahoma, Koby Brea daga Dayton, Amari Williams daga Drexel, Andrew Carr daga Wake Forest, Jaxson Robinson ya biyo shi daga BYU, har mutum 9 da ba su taɓa wasa tare ba. Na tuna wasansu da Duke a watan Nuwamba, abokina ya turo min saƙo tsakar dare wai don Allah wane ne mai lamba kaza ɗin nan, na ce kai da tim ɗinka kake tambayata? Suka ci Duke a daren. A Maris suka kai zagayen 16, abin da rabon Kentucky da shi tun 2019. Tun daga nan na lura bakinsa ya ɗan mutu a kan maganar amana, don duk wanda ya yi masa tafi a wannan kakar wata makarantar ya baro, kuma can ma akwai wani mai goyon baya da ya kwana da takaici.

Toh a nan ne ni ma nawa ra'ayin yake samun tangarɗa, kuma gara in faɗa da bakina. Da Kentucky ta rasa kowa, cikin wata guda ta cike gurbi saboda tana da suna tana da kuɗi. Drexel da ta rasa Amari Williams fa, wa ta ɗauko? Dayton da ta yi shekara 4 tana gyara hannun Koby Brea har ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kowa iya jefa ta nesa a ƙasar, me aka ba ta? Ko sisi. Ƙananan makarantu sun zama kamar masu kiwo, su sayi ɗan rago ramamme wanda ba wanda ya kalla, su yi ta ba shi dusa da harawa, ranar da ya yi ƙiba sai mai kuɗi ya zo ya kwance igiya ya tafi da shi ko sannu babu.

Dubi Florida Atlantic. 2023 suka kai wasan kusa da na ƙarshe, ba wanda ya zata, sai a daƙiƙar ƙarshe Lamont Butler ɗin nan dai, lokacin yana San Diego State, ya jefa wadda ta kashe su 72 da 71. Sun yi ƙoƙari sun riƙe yaransu shekara guda, sannan 2024 koci Dusty May ya tafi Michigan, dogonsu Vladislav Goldin ya bi shi, Johnell Davis ya tafi Arkansas, Alijah Martin ya tafi Florida, shi kuwa Nick Boyd sai ya koma San Diego State ɗin da ta fitar da su, kai duniya. Ko Drake a 2025, koci Ben McCollum ya zo da yaransa daga ƙaramin rukuni, suka ci wasa 31, suka fitar da Missouri, shekara ɗaya tak ya yi ya wuce Iowa kuma tauraronsa Bennett Stirtz ya bi bayansa. In kai ɗalibi ne a irin wannan makarantar ko tsoho mai sayen tikitin kaka tun shekara 30, nasarar ma tsoro take ba ka, don ka san duk wanda ya haska a Maris ba za ka sake ganinsa da rigarku ba.

Kuma an fara ganin abin a sakamako. A gasar 2025 duk makarantu 16 da suka rage bayan satin farko daga manyan lig 4 suka fito, ko ƙarama ɗaya ba ta tsallaka ba, sannan huɗun ƙarshe duka masu lamba 1 ne, Florida da Houston da Duke da Auburn, abin da sau ɗaya aka taɓa gani a 2008. Shekara ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, na sani, amma duba su waye suka ɗauki waɗannan manyan a kafaɗa. Johni Broome na Auburn daga Morehead State ya zo. Florida da ta ci kofin, 65 da 63 a kan Houston, manyan 'yan bayanta uku duk daga ƙananan wurare aka kwaso su, Walter Clayton daga Iona, Will Richard daga Belmont, Alijah Martin daga Florida Atlantic. Wato yaran da a da za su tsaya a ƙananan makarantunsu har shekara ta huɗu su zo su ba manya kunya a Maris, yanzu su ne sanye da rigar manyan. Ni da nake bin wanda aka raina, wannan ya rage min daɗin gasar, ba ƙarya.

Amma ko a nan ɗin in ka bi zaren sai ka tarar da koci a bakinsa. Me ya fitar da Clayton daga Iona? Rick Pitino ne ya bar su ya koma St. John's a Maris ɗin 2023. Wa aka kawo ya maye gurbinsa? Tobin Anderson, wanda kwanaki kaɗan kafin nan ya ja Fairleigh Dickinson mai lamba 16 ta fitar da Purdue mai lamba 1, ko gumin murnar bai bushe ba ya bar yaran. Shi kuma Clayton ya koma jiharsu, ya ci kofi, aka ba shi gwarzon gasa, aka ɗauke shi na 18 a zaɓen NBA. Yanzu don Allah wa zai kalli idon wannan yaron ya ce masa da ka zauna a Iona don mu ji daɗin kallo? In ɗanka ne me za ka ce masa? Haka Dalton Knecht, daga ƙaramar kwaleji zuwa Northern Colorado zuwa Tennessee, shekara ɗaya a babban fili ta mayar da shi na 17 a zaɓen 2024, Lakers suka ɗauka. A tsohon tsari mai yiwuwa da yanzu sunansa ma ba mu sani ba.

Na ma fi jin abin a jikina in na kalli yaranmu na Afirka. Rueben Chinyelu ɗan Najeriya ne, ya bi ta makarantar horarwa ta NBA da ke Senegal ya samu gurbi a Washington State. Shekararsa ɗaya kocin da ya kawo shi, Kyle Smith, ya tafi Stanford, ita kanta lig ɗin tasu ta Pac-12 ta ruguje saboda manyan makarantun cikinta sun gudu neman kuɗin talabijin, UCLA da USC suka koma Big Ten, Stanford da ke bakin tekun Fasifik ta shiga lig ɗin da sunansa ma na gaɓar Atlantika ne. Jami'o'i sukutum da shugabanninsu masu furfura suna sauya sheƙa saboda kuɗi, sai yaro ɗan shekara 20 da ya baro uwarsa a wata nahiya shi ne za a karanta wa darasin riƙon amana. Ya koma Florida, shekara ta zagayo yana cikin biyar ɗin farko a tim ɗin da ya ɗaga kofi. Clifford Omoruyi ɗan birnin Benin na Najeriya shi ma bayan shekara 4 a Rutgers ya koma Alabama. Kuma su 'yan waje ga wata matsalar a kansu, bizar karatu ba ta ba su damar yin aikin kuɗi yadda suka ga dama a cikin Amurka, shi ya sa Tshiebwe sai da Kentucky ta je wasannin share fage a Bahamas a 2022 ya samu ya yi tallace-tallacensa a can. Yaron da ke cikin wannan matsin, ga 'yan gida suna jiran ya turo, shekarun wasansa 4 ne ko 5, gwiwa ɗaya ce tsakaninsa da komawa gida hannu rabbana, ni ba zan iya ce masa ya zauna a benci don kishin makaranta ba.

Manyan koci da suka ajiye aiki suna kuka da tsarin, ina jin su kuma ban ce ƙarya suke ba. Tony Bennett na Virginia, wanda ya ci kofi a 2019, ya ajiye a Oktoban 2024 ana saura kwanaki a fara kaka, ya nuna shi wannan sabon yanayin ba nasa ba ne, kuma na girmama shi don bai zagi yara ba. Jim Larrañaga na Miami ya bi bayansa a Disamba. Sai dai shi Larrañaga tim ɗin da ya kai shi huɗun ƙarshe a 2023 da me ya gina shi? Nijel Pack daga Kansas State, wanda aka yi ta yayata cinikinsa na dala 800,000 a shekara 2 har da mota, Norchad Omier daga Arkansas State, Jordan Miller daga George Mason, makarantar da shi kansa kocin ya baro a 2011. Lokacin da ƙofar take shigo masa da kaya ba mu ji kuka ba. Abin da ya canza wa koci shi ne a da yana iya zagin yaro ya ajiye shi a benci shekara biyu ya san ba inda za shi, yanzu kuwa dole ya lallaɓa nasa yaran duk bazara kamar sabon zawarci. Aiki ya ƙaru, eh, amma albashin miliyoyin ai na aiki ne.

Wanda nake tausayi da gaske ba koci ba ne ba kuma tauraro ba, yaron tsakiya ne. Sama da mutum 2000 ne suka sa suna a fotal a bazarar 2025 a ɓangaren maza na babban rukuni kaɗai, kuma ranar da ka sa sunanka makarantarka tana da damar ba wani gurbinka. Wani ejan ne ya hure masa kunne, wani kawu ne a gida ya ce ai ka fi ƙarfin nan, wani kuma ba shi ya so tafiya ba, koci ne ya kira shi ofis ya ce gaskiya ba na ganin za ka samu minti a bana, wanda kora ce cikin ladabi, kuma wannan ɓangaren ba a cika faɗarsa ba in ana zagin yara. Ya shiga kasuwa waya ta ƙi ƙara, ya dawo ya tarar an ba wani ɗakinsa, biyu babu. Wanda ma ya samu wuri, makaranta uku a shekara huɗu, kwasa-kwasan da ya yi a can ba duka sabuwar za ta karɓa ba, sai a wayi gari shekarun wasa sun ƙare digiri bai haɗu ba, NBA kuma mutum 60 take ɗauka a shekara daga duk duniya. Ga kuma 'yan sakandare da abin ya shafa ta bayan fage, don koci da ke tsoron a kore shi gara ya ɗauko ɗan shekara 22 da ya riga ya ga wuta da ya ɗauki ɗan 18 ya raina shi wata makarantar ta zo ta ɗauke. Sai kuma rashin tsarin da ya fi ba ni haushi, a 2025 an buɗe fotal ana tsakiyar gasar Maris, tim yana shirin wasan zagayen 16 mataimakan koci suna kan waya suna cinikin 'yan wasan baɗi, wani na benci kuma yana lissafin inda zai koma.

Ni abin da nake gani, kuma a nan mu 'yan kallon ƙwallon ƙafa mun riga su sani, shi ne matsalar ba tafiyar ba ce, rashin takarda ne. A ƙwallon ƙafa tun hukuncin Bosman na 1995 ɗan wasa in kwantiraginsa ya ƙare yana da 'yancin tafiya, amma in bai ƙare ba sai an zauna da kulob ɗinsa an biya, kuma FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin ciniki a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi tun yana yaro. Ko ba a cika biya yadda ya kamata ba, aƙalla dokar tana nan, ƙaramar akadami tana da abin da za ta riƙe ta yi ƙara. Me zai hana a ce yaro ya sa hannu shekara 2 da Iona, da albashinsa a rubuce da tabbacin ba za a kore shi ba in ya ji rauni, in Florida tana so ta biya Iona wani abu ta ɗauka, in kuma koci ya tafi to yaro ma igiyarsa ta kwance? Ƙaramar makaranta ta samu abin da za ta sake kiwo da shi, yaron tsakiya ya samu inuwa, mai kallo ya samu ko shekara biyu ya haddace sunaye.

Abin da ya hana ba wani sirri ba ne. In ka yi irin wannan kwantiragin ka kuma kafa dokar da ta ɗaure kowa, to ka amsa cewa yaran nan ma'aikata ne, sai ka bar su su kafa ƙungiya a zauna a yi ciniki da su kamar yadda NBA take yi da 'yan wasanta, in ba haka ba duk dokar da ka kafa kai kaɗai lauya zai kai ta kotu a yi watsi da ita kamar na baya. Su kuma jami'o'in kalmar ma'aikaci ce ba sa so su ji, sun fi so su je majalisar dokoki a Washington suna roƙon a yi musu doka ta musamman da za ta kare su daga ƙara. Suna so su biya kuɗi kamar kulob, su yi cefane kamar kulob, su sallami yaro kamar kulob, amma in an zo maganar haƙƙi sai su ce ai ɗalibi ne.

Kuma kar a ce riƙe yara ya gagara gaba ɗaya. Purdue ɗin da aka yi wa dariya a 2023, Zach Edey da Braden Smith da Fletcher Loyer ba su watse ba, suka dawo tare suka kai wasan ƙarshe a 2024. UConn da ta doke su, ta kuma ci kofi biyu a jere, haɗawa ta yi, ta raini nata irin su Adama Sanogo ɗan Mali sannan ta cike gurbi da irin su Tristen Newton daga East Carolina da Cam Spencer daga Rutgers. Fainal ɗin 2023 ba zan manta shi ba don cikin azumi aka yi, Sanogo yana azuminsa kuma shi aka ba gwarzo, an fara wasan wajen ƙarfe biyu da 'yan mintuna na dare agogonmu, ana tashi na ajiye waya na jawo kwanon sahur.

Ita ma Saint Peter's ɗin, sabon koci Bashir Mason ya tattaro wasu yaran da ba wanda ya sani, 2024 sai ga su sun sake cin kofin lig ɗinsu sun dawo gasar Maris. Tennessee ta yi musu dukan kawo wuƙa a zagayen farko, da Dalton Knecht a gaba. Na tura wa abokina saƙo tun kafin wasan na ce ga mutanenka sun dawo, ya ce su wa, ai ko ɗaya ban gane ba a cikinsu. Na ce to kai ɗin wa ka gane a naku, ya turo min hoton dariya ya kashe data.